BABI NA HUƊU: Yaƙi da Sulhu a Littafin Tarihin Kano, Tare da Kwatance da Marubutan Girka

4.0 Gabatarwa

Wannan babi ya yi tarken littafin nan da aka fi sani da Tarihin Kano ta fuskar jigo guda, wato yaƙi da sulhu tsakanin Kano da maƙwabtanta, musamman Zazzau da Katsina da Barno. An duba yadda marubucin ya ba da labarin yaƙi da yadda ya ba da labarin sulhu, sa'an nan aka auna shi da marubuta biyu na tsohuwar ƙasar Girka, Hirodotas da Tusididis, waɗanda suka rubuta abin da ya gudana tsakanin biranen Girkawa da Farisawa da mutanen Makidoniya. Dalilin kwatancen shi ne kamannin da ke tsakanin ƙasashen biyu: birane masu ganuwa, masu harshe ɗaya da al'ada ɗaya, kowane da mulkin kansa, suna yaƙar juna, ga kuma babbar daula a gabas tana neman su yi mata mubaya'a.

Ra'ayin da babin ya ginu a kai shi ne, zubin littafin ya sa yaƙi ya cika shafuka, sulhu kuwa ya tsaya a layi biyu ko uku, su kuma garuruwan kan iyaka irin na yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan ba su sami bakin magana ba. Wannan yana da muhimmanci ga duk mai son rubuta tarihin waɗannan garuruwa, domin idan ya ɗauki shirun littafin a matsayin hujjar cewa ba abin da ya faru a wurin, to ya yi babban kuskure.

4.1 Littafin da Zubinsa

Asalin littafin da Larabci aka rubuta shi, kuma babu sunan marubuci a jikinsa. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya sake buga ta a cikin Sudanese Memoirs a 1928. Fassarar Hausa ta fito a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930 ƙarƙashin jagorancin R. M. East. Littafin ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Manazarta irin su John Hunwick suna ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi daga labaran baka da kirari da jerin sunayen sarakuna da ake adanawa a fada. Shekarun da za a gani a wannan babi kuwa lissafin Palmer ne, wanda ya fitar ta hanyar ƙirga tsawon mulkin kowane sarki, saboda haka kimantawa ce.

Zubin littafin bai cika sauyawa ba. A kan ambaci sarki da sunan mahaifiyarsa, a faɗi halinsa, a jero jarumawansa, a kawo yaƙe-yaƙensa da abin da aka fara yi a zamaninsa, a rufe da yawan shekarun da ya yi. Wannan zubi irin na maroƙin fada ne, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar ba a manta sunan wanda ya yi bajinta ba. Abin lura shi ne, irin wannan zubi yana da gurbin jarumi, amma ba shi da gurbin manzo. Jarumi yana da kirari, shi kuwa wanda aka aika da takarda ko goron gaisuwa sau da yawa ko sunansa ba a ji.

4.2 Yadda Aka Ba da Labarin Yaƙi

Misalin da ya fi dacewa shi ne yaƙin Sarki Kanajeji (1390-1410) da Zazzau. Littafin ya nuna cewa shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a rundunar Kano. Da ya fita yaƙin Zazzau karo na farko ya sauka a Turunku, mutanen Zazzau suka fito suka kore shi, har suka bi shi da gori. Ya koma gida cikin fushi, ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, shi kuma ya ce masa ya komar da tsafin da iyayensa suka rusa. Daga nan marubucin ya shiga bayanin tsafin daki-daki, da reshen itacen da aka sare, da jan macijin da aka samu, da gangunan da aka yi. A karo na biyu Kanajeji ya yi sansani a Gadas, aka kashe Sarkin Zazzau, Kanawa suka zauna a Shika wata takwas.

Akwai abin yabo a wannan labari. Marubucin bai ɓoye kashin da Kano ta sha a Turunku ba, kuma bai ɓoye komawar sarki Musulmi ga tsafi ba, alhali a fadar da ta gaji jihadi yake rubutu. Haka kuma a labarin Sarki Dauda (1421-1438) ya yi wa Sarauniya Amina ta Zazzau adalci, inda ya nuna ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta shafe shekara 34 tana yaƙe-yaƙenta. Wasu masana suna ganin a ƙarni na 16 ta rayu, amma ko da an yi saɓani a kan zamanin, ba ƙaramin abu ba ne marubucin fadar Kano ya ɗaukaka sarauniyar abokan gaba haka.

Sai dai labarin Kanajeji ya tsaya a daidai inda mai nazarin sulhu yake son ya fara. Bayan wata takwas a Shika, da wane sharaɗi Kanawa suka tashi? Wa ya gaji sarkin da aka kashe, kuma me ya yi alkawarin bayarwa? A ina aka tsayar da iyaka? Marubucin da ya ƙirga ganguna bai ce komai a kan waɗannan ba. Sakamakon haka mai karatu yakan ruɗe idan ya ga Zazzau da aka murƙushe a shafi ɗaya ta zama mai karɓar haraji daga Nufe bayan shafi kaɗan, ba tare da an nuna masa yadda ta farfaɗo ba.

4.3 Yadda Aka Ba da Labarin Sulhu

Idan aka tsince 'yan layukan da ke warwatse a littafin, za a ga hanyoyi uku da sarakunan Kano suka bi don kauce wa yaƙi ko kawo ƙarshensa.

Hanya ta farko ita ce gaisuwa. Littafin ya ce Abdullahi Burja (1438-1452) ne ya fara aika wa Barno gaisuwa a ƙasar Hausa, kuma a zamaninsa aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja. An kawo maganganun biyu kusa da juna ba tare da an danganta su ba, alhali ga alama ɗaya ce ta share wa ɗaya hanya, domin ayari ba ya bin hanyar da babu aminci. Haka kuma a zamanin Abdullahi ɗan Rumfa (1499-1509), da Sarkin Barno ya zo ya sauka a Gunduwawa da niyyar yaƙi, Sarkin Kano ya fita tare da malamansa ya ƙasƙantar da kai, Sarkin Barno ya juya. Hausawa kan ce, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Hujjar cewa dabara ce ita ce ɗansa Muhammadu Kisoki (1509-1565) ya iya kai hari har Nguru a cikin ƙasar Barno.

Hanya ta biyu ita ce aure. An ambaci Burja ya auri 'ya'yan Sarkin Dutse da Sarkin Shira da Sarkin Rano. Marubucin ya kawo wannan a jerin abubuwan da sarki ya fara yi, kamar yadda zai kawo labarin raƙuma ko tufafi, bai nuna cewa surukuta ce ake ƙullawa da masu tsaron gabas da kudu ba.

Hanya ta uku, wadda ta fi kowace ƙarfi, ita ce shigar malamai tsakani. Gabar Kano da Katsina ta daɗe. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) an yi shekara 11 ana yaƙi ba wanda ya rinjayi wani, kuma Sarki Kutumbi (1623-1648) ya rasu ne a sanadin fitarsa ta biyu zuwa Katsina. A zamanin Shekarau (1649-1651) ne Shehu Atuman da Malam Bawa da Limamin 'Yandoya suka sasanta biranen biyu, aka kuma ɗora mummunar addu'a a kan duk wanda ya fara tayar da fitina. Daga nan ba a ƙara jin irin waɗancan dogayen yaƙe-yaƙe tsakaninsu ba. Bugu da ƙari, a zamanin Kumbari (1731-1743) Mai Ali na Barno ya sauka a Fage kwana uku, amma ba a gwabza ba saboda Shehu Ɗahiru da Shehu Bundu sun hana.

A nan ne rashin daidaiton littafin ya fi fitowa fili. Sulhun da ya kashe gabar da ta kusa shekara 200 bai sami ko kwatankwacin filin da aka ba tsafin Kanajeji ba. Ba a faɗi inda aka zauna ba, ko abin da kowane ɓangare ya nema, ko dalilin da ya sa suka yarda a wannan lokaci. Mai karatu ne da kansa zai lura cewa Kwararrafa sun riga sun ci Kano a zamanin Muhammadu Zaki (1582-1618), kuma sun sake dawowa bayan sulhun, har suka shiga birni a zamanin Dadi (1670-1703). Ke nan akwai yiwuwar tsoron abokin gaba na kudu ya taimaka wa malaman wajen shawo kan sarakunan.

4.4 Kwatance da Marubutan Girka

Dukkan hanyoyin nan uku suna nan a tarihin Girkawa. Hirodotas ya nuna cewa sarakunan Farisa sukan aika manzanni su nemi a ba su ƙasa da ruwa, alamar mubaya'a. Sarkin Makidoniya Amintas ya bayar, kuma aka aurar da 'yarsa ga wani babban Bafarise. Bayan kimanin shekara 180, jinin wannan gida, wato Iskandari, shi ne ya rusa daular Farisa a yaƙin Gaugamela a shekara ta 331 kafin Miladiyya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kamar dai yadda aka gani tsakanin Abdullahi da ɗansa Kisoki. Mahaifin Iskandari, Filibus na Biyu, ya yi suna wajen ƙulla zumunci da maƙwabta ta hanyar aure, kuma uwar Iskandari 'yar gidan sarautar Efirus ce. Su kuwa mutanen Atina da Isparta, a 491 kafin Miladiyya kashe manzannin Sarki Dariyus suka yi, waɗannan suka jefa su rami, waɗancan rijiya. Da Farisawa suka dawo da babbar runduna a 480, sai biranen da ke gaba da juna suka ajiye gabarsu, birane 31 suka haɗa kai har suka yi nasara a shekarar da ta biyo. Wannan ya yi kama da halin Kano da Katsina a gaban Kwararrafa.

Bambancin yana wajen yadda aka rubuta. Hirodotas da Tusididis sukan tsayar da labarin yaƙi su saurari manzanni. Alal misali, bayan yaƙin teku na Salamis, Farisawa sun aiko Sarkin Makidoniya na lokacin ya lallashi Atina ta balle daga 'yan'uwanta, kuma Hirodotas ya kawo tayin, da tsoron da Isparta ta nuna, da amsar Atina. Tusididis, wanda ya rubuta yaƙin Atina da Isparta (431-404 kafin Miladiyya), ya fito fili ya ce jawaban da ya kawo ba kalma da kalma ba ne, ya tsara su ne bisa abin da ya ga ya dace mai maganar ya faɗa. Ke nan shi ma ba a rasa ƙirƙira a aikinsa ba. Amma wannan salo ya ba mai karatu damar jin hujjar ɓangarori biyu.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin fifikon wata al'umma a kan wata ba, domin matsayin marubutan ya bambanta. Tusididis kwamandan yaƙi ne da garinsa ya kora, ya yi shekara 20 a waje yana jin labari daga kowane ɓangare, ba ya kuma cin abincin kowane sarki. A Atina a gaban taron jama'a manzo yake magana, kowa yana ji. A Kano kuwa maganar manzo a soron sarki take ƙarewa, tsakaninsa da sarki da 'yan majalisa, abin da ke fitowa fili shi ne hawa da tambari da kirari. Marubucin Tarihin Kano ya tattara abin da fada ta adana, fada kuwa bajinta take adanawa.

4.5 Garuruwan Kan Iyaka: Ikara da Maƙarfi da Kudan

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna arewacin Jihar Kaduna, a cikin masarautar Zazzau, sun yi iyaka da Jihar Kano. Ƙasa ce ta noma mai yawan fadamu, wadda aka sani da rake da tumatir da barkono, kuma ta cikinta hanyoyin da suka haɗa Zariya da Kano suka ratsa, daga turbar fatake ta da, zuwa layin dogon da ya isa Kano a 1911. Rundunar da ta tashi daga Kano za ta Shika ko Turunku da wuya ta kauce wa wannan yanki ko gefensa. Dawakin da suka yi wata takwas a Shika daga rumbunan wasu suka ci, kuma ba rumbunan birni ba ne.

A cikin littafin, garuruwan da ke tsakanin manyan birane ba sa fitowa sai a matsayin zango ko sansani ko wurin da wani ya mutu. Ko Burumburum, da ke kudancin Kano daura da ƙasar Ikara, an san ta ne domin a can aka kashe Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, bayan mayaƙan jihadi sun kore shi daga birni. Ba a jin abin da mai gari ya yi da runduna ta tunkaro shi: ko ya rufe ƙofa, ko ya fita da hatsi da shanu ya sayi lafiyar jama'arsa, ko ya aika wa sarakunan biyu gaisuwa a ɓoye. Wannan ma sulhu ne, kuma shi ne wanda ran talaka ya rataya a kansa.

A nan Tusididis ya ba da misali mai amfani. Palatiya ƙaramin gari ne a kan iyakar Atina da Tibis. Da harin da aka kai masa a 431 yaƙin ya fara, aka yi masa ƙawanya har ya miƙa wuya a 427, aka kashe mazajensa aƙalla 200, aka bautar da mata, aka rushe garin. Tusididis ya ba mutanen wannan gari dogon fili su kare kansu a gaban alƙalan Isparta kafin a yanke musu hukunci. Bai cece su ba, amma ya bar wa na baya muryarsu.

Irin wannan murya a ƙasar Hausa sai an nemo ta a wajen littattafan fada. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ta tashi ne a wani ƙauye kusa da Zarewa, a gefen Kano na wannan iyaka. Ta ba da labarin yadda mahara na Mai Sudan, wato Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, suke faɗa wa ƙauyuka, da yadda mutane suke gudu zuwa gari mai ganuwa, da yadda dangi suke tara kuɗin wuri su bi sawu su fanshi 'yan'uwansu. Fansa ciniki ne da abokin gaba, mai sharuɗɗa da 'yan tsakani, kuma talakawa ne suke yin sa da kansu. Haka nan hare-haren Ningawa a rabi na biyu na ƙarni na 19 sun addabi kudancin Kano da gabashin Zazzau. Tarihin Kano ya kawo su ne ta fuskar fitar Sarki Abdullahi Maje Karofi zuwa yaƙi, ba ta fuskar waɗanda aka kwashe daga gona ba.

4.6 Inda Littafin Ya Tsaya

Bayan jihadi, Kano da Zazzau sun koma ƙarƙashin tuta ɗaya. Zariya ta faɗa hannun Malam Musa a 1808, kuma daga baya Wazirin Sakkwato ne yake lura da al'amuran masarautun biyu. Saɓanin da a da takobi ke rabawa ya koma na takarda da manzo. Ana iya kwatanta wannan da sulhun da Sarkin Farisa ya shimfiɗa wa biranen Girka a 387 kafin Miladiyya, sai dai shi baƙo ne mai neman amfanin kansa, Sakkwato kuwa mubaya'ar addini ce ta ba ta iko. Ko a wannan zamani na wasiƙu, marubucin bai sauya zubinsa ba, ya ci gaba da jero jarumawa da garuruwan da aka ci.

Littafin ya rufe kafin darasi mafi tsada. A 1902 Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan wannan Ibrahim Nagwamatse da Baba ta ambata. Turawa suka zo suka kama shi, suka kafa sansani a Zariya, ba a daɗe ba suka kawar da Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903. Daga Zariya rundunar Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairu 1903, ta bi ta Bebeji, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Ana gudun gara an faɗa gidan zago. Haka wasu Girkawa suka gayyato Rumawa don su karya Filibus na Biyar na Makidoniya. Rumawa suka ci shi a 197 kafin Miladiyya, suka yi shelar 'yancin Girkawa a 196, sa'an nan a 146 suka rushe birnin Korinti. Abin da ya ɗauki Rumawa shekara 50, Turawa sun gama shi a Zazzau cikin shekara guda. Wanda aka tarbiyyantar da littafin da ke auna sarki da yawan yaƙinsa kaɗai zai yi wuya ya gane yadda takarda ɗaya ta neman taimako take iya cinye ƙasa.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Tarihin Kano ya ƙunshi labarin gaisuwa da auren zumunci da sasantawar malamai, amma zubinsa na fada ya taƙaita su, ya faɗaɗa labarin yaƙi. An yaba masa wajen faɗin gaskiya a kan kashin da Kano ta sha, da adana sunayen malamai biyar da suka hana zubar da jini, waɗanda da ba don shi ba da sun ɓace. Kwatance da Hirodotas da Tusididis ya nuna cewa giɓin ya samo asali ne daga wurin da marubucin yake zaune da irin abin da fada take adanawa. Saboda haka mai nazarin tarihin Ikara da Maƙarfi da Kudan zai amfana da littafin wajen sanin lokacin da runduna ta wuce da sunan sarkin da ya jagorance ta. Abin da garuruwan suka yi don su tsira kuwa, sai ya nemo shi a bakin dattawa, da kirarin masu gari, da kufan ganuwa, da labaran Maguzawan yankin, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.